Yadda Ake Haɗa Iton Mes, Kayan Zaƙin Turawan Ingila Mai Sitiroberi, Kirim da Merang

A Ingila, watan Yuni da Yuli su ne kakar sitiroberi. Lokacin ne rana ke jimawa ba ta faɗi ba, mutane su fito filin ciyawa da kwandunan abinci, kuma lokacin ne ake gasar tenis ta Wimbildon, inda cin sitiroberi da kirim ya zama al'adar 'yan kallo. A cikin kayan zaƙin da suke yi da wannan ɗan itace a lokacin zafinsu, babu mai sauƙin haɗi kamar Iton mes. Abu uku ne kacal a kwano ɗaya: sitiroberi, kirim da aka buga ya yi kauri, da merang, wato kumfar farin ƙwai da sukari da aka busar a obin har ta yi ƙaras-ƙaras.

Sunan ya samo asali ne daga Kwalejin Iton, makarantar 'ya'yan manya da Sarki Henri na Shida ya kafa a 1440 kusa da fadar Winsa. An saba raba shi a wasan kurket na shekara-shekara tsakanin Iton da makarantar Haro, kuma tun 1893 sunan ya bayyana a rubuce. Kalmar "mes" kuwa a bakinsu tana nufin abin da aka yi wa kaca-kaca. Akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai kare ne ya zauna a kan kwandon da aka sa kayan zaƙi ya murƙushe shi, masu shi suka ce ba za a yi asara ba, suka ci a haka. Labari ne mai daɗin ji a wajen hira, amma ni dai ban ɗauke shi a bakin komai ba. Wata makarantar, Lansin, tana da nata da ake yi da ayaba.

Abin da nake so uwargida ta riƙe tun daga farko shi ne: duk daɗin wannan haɗi yana cikin bambancin da harshe ke ji a loma ɗaya. Ga tsami da ruwan sitiroberi, ga laushi da sanyin kirim, ga merang yana fashewa a haƙori. Merang na son bushewa, kirim na son sanyi, sitiroberi kuma ruwa yake fitarwa. Ukun nan ba sa zaman lafiya da juna na tsawon lokaci. Aikin duka shi ne a shirya kowanne daban, a raba su, kada su haɗu sai masu ci sun zauna.

Abin da za ki tanada, na mutum shida

Domin merang: farin ƙwai 3 da sukari giram 150, wato giram 50 ga kowane ƙwai. Idan babu sikeli, kashi uku cikin huɗu na kofin awo ne, ko ƙaramin gwangwanin madarar ruwa cike da ɗan tozo. Sai rabin ƙaramin cokali na ruwan lemun tsami.

Domin sauran: sitiroberi giram 500, kirim na bugawa mililita 400, sukari babban cokali 2 na jiƙa sitiroberi, garin sukarin aisin (wato sukarin da aka niƙa ya zama gari lilis) babban cokali 1 ko 2 na kirim, ruwan rabin lemun tsami, da ɗan banila idan kina so. A kan banila, ki duba jikin kwalbar. Yawancin ta ruwa da ake shigowa da ita daga waje da barasa ake jiƙa ta, don haka wanda yake kiyaye wannan ya nemi ta gari ko wadda aka rubuta babu barasa. Rashinta ma ba ya rage komai mai yawa.

Sitiroberi ba baƙo ba ne a wajenmu kamar yadda wasu ke zato. Ana noma shi a tsaunin Jos, musamman wajen Chaha da Vom, daga can ake kai shi Abuja da Kano da Legas. Sai dai kakarsa a nan ta saɓa da ta Ingila: cikin hunturu yake nuna, yana ja da baya daidai lokacin da bazara ke kankama. Wannan ba laifi ba ne, domin kamar yadda za ki gani, iskar hunturu ce ta fi dacewa da merang. Idan kuma zafi ya yi zafi sabo ya yi wuya, manyan kantuna na sayar da daskararre a leda, wani lokaci haɗe da rasberi da buluberi, kuma yana aiki.

Merang, wanda ya kamata a yi tun jiya

Ki fara da shi, domin shi ne mai cin lokaci, kuma ya fi kyau a yi shi da daddare a bar shi ya kwana.

Da farko ki kunna obin a digiri 110 na Salsiyas. Idan na gas ne mai lamba, mafi ƙanƙantar lamba za ki sa. Ki shimfiɗa takardar gashi a kan tire. Kada ki shafa mai ko bota, merang ba ya shiri da maiƙo ko kaɗan.

Wannan maganar maiƙo ita ce ke kayar da yawancin masu farawa, don haka bari in tsaya a kanta. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, sauran furotin. Idan kika buga shi, furotin ɗin ne ke warwarewa ya kewaye ƙwayoyin iska ya riƙe su, har abin ya ninka girmansa sau da yawa. Ɗigon mai ɗaya yana shiga tsakani ya hana wannan riƙon. Gwaiduwa kuwa akwai mai sosai a cikinta. Shi ya sa za ki fasa kowane ƙwai a ɗan ƙaramin kofi daban, ki tabbatar babu ɗigon gwaiduwa, sannan ki juye a babban kwano. Idan ɗaya ta fashe, ki ajiye shi don wainar ƙwai, ki ɗauko wani. Kwanon ma ya zama na silba ko na tangaran ko gilashi. Robar kicin, komai wankinta, tana riƙe maiƙon miyar da ta taɓa zama a ciki. Ni nakan goge kwanon da maburgin da ɓarin lemun tsami, in share da tsumma mai tsabta, kafin in zuba komai.

Ƙwan da ya fito daga firij ya fi sauƙin rabuwa, amma wanda ya huce ya fi saurin tashi. Ki raba shi da sanyinsa, ki bar farin ya sha iska kamar minti 20.

Sukarin da ake sayarwa a mudu yana da manyan ƙwayoyi, ba ya narkewa da wuri a cikin farin ƙwai. Turawa suna da wani mai laushi da suke amfani da shi. Ke kuwa ki zuba naki a busasshiyar bilanda ki ba shi daƙiƙa 10 zuwa 15, ya yi laushi kamar yashi mai kyau, ba sai ya zama gari ba.

To, ki fara bugun farin ƙwai shi kaɗai, miksa a matsakaicin gudu. Zai fara da manyan kumfa kamar na sabulu, sai ya yi fari, ƙwayoyin kumfar su ƙanƙance. Ki zuba ruwan lemun tsamin nan rabin ƙaramin cokali, tsami yana taimaka wa kumfar ta tsaya. Ki ci gaba har idan kin ɗaga maburgin kumfar ta biyo shi ta yi tsini, tsinin ya ɗan sunkuya. A nan ne za ki fara sa sukari, cokali ɗaya-ɗaya, kina bugawa kamar rabin minti tsakanin kowane cokali. Na san akwai gajiya, kuma zuciya za ta ce a juye duka a huta. Wadda ta juye duka za ta iya ganin kumfar ta kwanta.

Idan sukari ya ƙare, ki ƙara gudu ki ba shi minti 3 zuwa 5. Alamu biyu za ki duba. Ta farko, ki murza kaɗan tsakanin yatsu biyu: idan kin ji tsakuwa-tsakuwa, sukari bai narke ba, ki ci gaba. Sukarin da bai narke ba shi ne ke fitowa a obin kamar hawaye mai ɗanko a gindin merang. Ta biyu, ya yi sheƙi, tsinin ya tsaya ƙyam, har idan kin karkata kwanon ba ya motsi. Da hannu ma ana yi, da maburgin waya, amma ki shirya wa minti 20 ko fiye na bugu, gara a samu mai karɓar ki.

Ki ɗebo da cokali ki ɗora a kan takardar, curi-curi kamar girman ƙwai, da ɗan tazara. Kada ki ɓata lokaci wajen yi musu ado, farfasa su za a yi. Ni ma na fi son masu ƙahonni da lunguna, sun fi ƙaras.

A obin za su yi awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Ba gashi ake yi ba, busarwa ce. Idan kin ga sun fara ja kafin rabin awa, wuta ta yi yawa. Yawancin obin gas na gida ba ya sauka ƙasa sosai, ko an kai shi ƙarshe, to dabarar ita ce a sa tiren nesa da wuta, a saƙala muciya ko cokalin katako a bakin ƙofar ta ɗan buɗe kamar faɗin yatsa. Ya yi idan kin ɗaga guda ɗaya ya rabu da takardar salin-alin, kika ƙwanƙwasa gindinsa kika ji kamar holoƙo. Sai ki kashe wuta ki bar su a ciki har obin ya huce gaba ɗaya. Ko ya ɗan yi ruwan madara maimakon fari fat, ba komai, ɗanɗanon ma har ya fi. Cikinsa kuma idan ya ɗan yi danƙo kamar alawa, wasu haka suka fi so.

Masu gasa kek a tukunya da yashi sukan tambaya ko za a iya. Gaskiya da wuya. Zafin tukunya ya fi abin da merang ke buƙata, kuma murfin yana tsare tururi, sai ki samu waje ya ƙone ciki ɗanye. Gara a roƙi maƙwabciya aron obin na dare ɗaya, ko a saya a wajen masu yin kek.

Da sun huce, a sa su a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga. Ba a sa merang a firij. Sukari yana jan danshi daga iska, shi ya sa wanda aka yi a watan Janairu zai iya mako biyu yana nan garas, wanda aka yi a watan Agusta kuwa, aka bar shi a buɗe, kafin la'asar ya fara manne wa yatsa. Idan hakan ta faru, a mayar da shi obin mai ɗumi na minti 15, yakan dawo.

Sitiroberi

Wannan ba shi da wahala. Ki wanke shi da ganyensa a kai, cikin ruwa mai tsabta, da sauri. Idan kika cire kan kafin wanki, ruwa zai shiga ciki ya salamce. Ki baza a tsumma ya tsane, sannan ki cire ganyen. Ki ware guda shida masu kyau na ado.

Sauran ki kasa uku. Kashi biyu ki yanka huɗu-huɗu, ƙananan kuma biyu-biyu, ki barbaɗa sukari babban cokali ɗaya da ruwan lemun tsami, ki juya, ki rufe, ki sa a firij na minti 30. Sukarin zai jawo ruwan jikinsa ya fito ja wur, ƙamshin ma ya ƙaru. Kashi na ukun, wanda ya kamata ya zama waɗanda suka fi nuna ko suka ɗan lotse, ki murƙushe da cokali mai yatsu tare da ɗaya cokalin sukarin har ya zama kamar miya mai gudaji. Wannan ne zai yi jan zane a cikin farin kirim.

Ki ɗanɗana kafin ki ƙara sukari. Merang kansa kusan sukari ne zalla, don haka ana so sitiroberi ya riƙe tsaminsa. Haɗin da komai nasa zaƙi ne, cokali uku ya isa ya ginshi mutum.

Idan daskararre kika samu, kada ki yi ƙoƙarin yanka shi, da ya narke yakan saki jiki. Ki zuba rabi a tukunya da sukari cokali biyu, ki dafa a ƙaramar wuta minti 8 zuwa 10 har ruwan ya ɗan yi kauri, ki sauke ya huce sarai, ya shiga firij. Ɗaya rabin ki bar shi ya narke a rariya, ruwan ya tsiyaye. A tsakiyar bazara kuwa, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, mangwaro marar zare da aka yanka ƙanana aka matsa masa lemun tsami sosai yana shiga wannan haɗin ya zauna daram. Bature ba zai kira shi Iton mes ba, amma ba za a bar ko cokali a kwano ba.

Kirim, da yaƙi da zafi

Kirim ɗin da ke buguwa shi ne wanda mansa ya kai kashi 30 cikin ɗari zuwa sama, ki duba jikin kwalin. Na Ingila da suke yin wannan haɗi da shi yana kaiwa kashi 48, shi ya sa nasu yake da nauyi. Madarar gwangwani ba ta kai ko kashi 10 ba, za ta yi kumfa ta yaudare ki, bayan minti kaɗan ta kwanta. Akwai kuma na gari da masu kek ke amfani da shi, wanda ake damawa da ruwan ƙanƙara ko madara mai sanyi. Ya fi jure zafi, ya fi araha, amma da man itatuwa ake yin sa kuma da sukarinsa a ciki, don haka kada a ƙara masa wani. A ɗanɗano dai bai kamo ƙafar na madarar shanu ba.

Dalilin son sanyi shi ne, ƙwayoyin man da ke cikin kirim sai suna daskare suke iya jeruwa su riƙe iska. Da sun ji ɗumi sai su narke, ginin ya rushe. Kirim ya kwana a firij, ba a firiza ba. Kwano da maburgi su shiga firiza na minti 15 kafin a fara. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ma bai isa ba: ki samu babban kwano ki zuba ƙanƙara da ɗan ruwa, ki ɗora kwanon kirim a kai, a haka za ki buga. Na taɓa yin ganganci da rana tsaka, an ɗauke wuta tun safe, na ce ai kwalin da sauran sanyinsa. Minti goma ina bugu yana nan tsululu, daga baya ya tsinke. Tun ranar, idan babu wuta, sai na aika an sayo ƙanƙara na binne kwalin a kula na awa biyu tukuna.

Ki zuba kirim, garin sukari cokali ɗaya, da banila. Ki buga a matsakaicin gudu, idonki a kai. Abin da ake nema shi ne ya yi kauri har maburgi ya bar sawu, idan kin ɗebo da cokali ya zauna ya ɗan sunkuya, kamar kindirmo mai kyau da ya ƙara jiki. Da miksa bai fi minti 2 zuwa 3 ba. Tsakanin "ya yi" da "ya wuce" daƙiƙu ne kaɗan. Duk wadda ta taɓa ganin yadda matan Fulani ke kaɗa nono a cikin gora har man shanu ya taso ta san inda bugun ke kaiwa: kirim ɗinki ma can zai je idan ba ki tsaya ba. Idan ya fara gudaji-gudaji, ki tsaya nan take, ki zuba ɗanyen kirim mai sanyi cokali biyu ko uku, ki juya da hannu a hankali, yakan dawo. Idan har ruwa ya ware daga mai, to kin samu bota, sai a shafa a burodi.

Ni nakan tsaya tun yana da ɗan saura, domin juyawar da za a yi wajen haɗi ma bugu ce. Wani abin da nake yi kuma, nakan maye kashi ɗaya cikin huɗu na kirim da yogot mai kauri marar sukari, ko kindirmon da aka tsane a ƙyalle mai tsabta. Yana rage nauyin maiƙo, ya kawo ɗan tsami. Bayan an gama bugu ake zuba shi.

Bugaggen kirim zai iya jira a firij, a rufe, na awa biyu ko uku.

Haɗawa

Sai an gama cin abinci, an kwashe kwanuka, sannan. Kofunan gilashi ko ƙananan kwanoni su riga su yi sanyi a firij.

Ki farfasa merang da hannu, ba da turmi ba, ba da muciya ba. Ana son gutsattsari masu girma daban-daban, wasu kamar goro, wasu kamar gyaɗa, da ɗan garin da ya zuba. Ki ware cikin tafin hannu ɗaya na barbaɗawa a sama.

Ki tsame yankakken sitiroberi daga ruwansa ki zuba a kan kirim, ruwan kuma ki haɗa shi da murƙusasshen. Ki zuba merang. Da babban cokali ki ɗebo daga ƙasa ki kifa a sama, sau uku ko huɗu. Sai ki yaryaɗa rabin jan ruwan, ki ƙara juyawa sau ɗaya ko biyu, ki tsaya. Hannu zai so ya ci gaba, kada ki biye masa. Idan kika juya har komai ya zama ruwan hoda bai ɗaya, kin yi fate. Ana so a ga fari a ga ja, kowanne da iyakarsa.

Ki ɗiba a kofuna, ki zuba sauran jan ruwan a kai, ki barbaɗa merang ɗin da kika ware, ki ɗora sitiroberi guda. Idan baƙi ne na kunya kuma kina son ya yi kyan gani, kada ki juya a kwano ko kaɗan: ki jera a cikin kofin, kirim, sitiroberi, merang, ki sake maimaitawa har ya cika, mai ci ya yi kaca-kacarsa da kansa.

Daga haɗawa zuwa ci kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Bayan awa ɗaya, ko a firij ne, merang ya sha ruwa ya narke, abin da ya rage kirim mai zaƙi ne kawai. Idan walima ce ko taron suna, ki kai kayan uku a mazubi uku, kirim da sitiroberi a cikin kula da ƙanƙara, merang a busasshen wuri, a haɗa tire-tire yadda ake buƙata. Abin da aka yi da kirim ba ya wuce awa biyu a waje, a tsananin zafi kuwa awa ɗaya, musamman da yake yara ne za su fi rububinsa.

Gwaiduwa ukun da suka rage, a rufe su da ɗan ruwa a kofi a sa a firij, a yi amfani da su cikin kwana biyu, a kwaɓin kek ko fanke ko a ƙara a wainar ƙwan safe. Idan kuma haɗin ya yi saura, kada ki bar shi ya kwana a firij. Ki juye a roba mai murfi, ki danna shi ya kwanta, ki sa a firiza. Bayan awa biyar ko shida zai daskare ya zama kamar askirim mai ɗigo-ɗigon merang a ciki. Ki fito da shi minti 10 kafin a ci, ki yanka da wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi.